Wace firinta ce za ta yi aiki da kwamfutata mai Windows XP?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon taifin da buga katin biki, kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, Windows XP ne a kanta, kuma duk aikina a cikin PageMaker 7 da CorelDraw 11 yake, ga font ɗina na Hausa da na Larabci da na tara shekara da shekaru. Firintata ta mutu, mai gyara yace ba ta gyaruwa. Na je na sayo sabuwa dal a kwali, na saka faifanta ya ƙi, na jona waya sai ta rubuta Found New Hardware daga nan shiru. Da ƙyar mai shagon ya yarda ya karɓi kayansa. Yanzu kowa cewa yake in canza kwamfuta, ni kuma ba ni da halin hakan yanzu, kuma ina tsoron aikina ya watse. Don Allah wace firinta zan saya da za ta yi da XP?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka daidai kwamfutarka lafiyarta ƙalau, tana yi maka aikin da kake so, firintar da za ta ji maganarta ce kawai babu, kuma ba ka son a taɓa maka Windows ɗin saboda PageMaker da Corel da font ɗinka. To ka kwantar da hankalinka, akwai firintar da za ta yi, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma ba sai ka canza kwamfuta a yau ba. Sai dai ba zan ba ka suna ɗaya kawai in ce je ka sayo ba, don in ka shiga kasuwa ba ka samu wannan ɗin ba an koma gidan jiya kenan, mai shago zai sake ɗora maka abin da yake neman rabuwa da shi. Gara ka gane abin da ya hana waccan aiki, daga nan kai da kanka za ka tsaya gaban firinta ka ce wannan za ta yi, wannan ba za ta yi ba.

Abin da ya hana sabuwar aiki

Windows XP ya fito ne a 2001, kuma Microsoft sun janye hannu daga kansa ranar 8 ga Afrilu 2014. Tun daga lokacin masu ƙera firinta suka fara daina rubuta masa direba ɗaya bayan ɗaya. Shi direba tafinta ne tsakanin Windows da firinta, kai ka danna Print a cikin Corel, shi kuma ya mayar da zanenka zuwa yaren da firintar take ji. Wannan Found New Hardware da ka gani yana nufin wayarka lafiya, kafar USB ɗinka lafiya, XP ya ga an jona masa wani abu har ya karanta sunansa, tafintan ne bai samu ba. Faifan da ke cikin kwalin kuma an rubuta shi ne don Windows 7 zuwa sama, wani ma 10 zuwa sama, shi ya sa yana buɗewa ya duba ya ga XP ne sai ya rufe ko ya watso maka wani saƙo. Kuma abin ƙara nisa yake yi, firintocin yanzu da yawa ta manhajar waya da Wi-Fi ake haɗa su, wasu sai an buɗe musu asusu a intanet kafin su fitar da takarda ko ɗaya, su Microsoft ɗin ma tun 2023 suka sanar cewa sannu a hankali za su bar tsarin kowane kamfani da nasa direban. Duk wannan duniyar XP bai santa ba.

Kafin komai ka danna My Computer da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka karanta abin da aka rubuta. In ba ka ga x64 Edition ba to naka 32-bit ne, kuma kusan duk XP ɗin da nake gani a shaguna hakan suke, wannan alheri ne gare ka don direbansa ya fi samuwa. Sannan ka duba ko an rubuta Service Pack 3, wato babban ƙunshin gyare-gyaren XP wanda ya fito a 2008. In Service Pack 2 ne ko babu ma gaba ɗaya, ka sa a ɗora maka 3 ɗin tukuna, direbobi da yawa na ƙarshe-ƙarshen zamanin XP shi suke nema, kuma ɗora shi ba fomatin ba ne, ba ya goge maka aiki. Duk da haka ka kwafe muhimman fayil ɗinka kafin a yi.

Firinta iri biyu ce, kuma a nan maganar take

Wannan wurin nake so ka tsaya ka karanta a natse, don shi ne abin da masu sayarwa da yawa ba sa iya yi maka bayani. Akwai firintar da ke da ƙwaƙwalwar kanta, tana jin yaren da kowa ya sani, wato PCL na kamfanin HP ko PostScript na Adobe, waɗanda suke nan tun shekarun 1980. Kwamfuta tana aika mata bayani ne kawai, ga rubutu kaza a wuri kaza da girma kaza, ita za ta zana shafin da kanta. Akwai kuma wadda aka rage mata ƙwaƙwalwa don ta yi araha, kwamfuta ce ke zana mata shafin gaba ɗaya ta turo mata ɗigo-ɗigo da wani yare na musamman da kamfanin kaɗai ya sani. Irin wannan a takardarta za ka ga an rubuta host-based ko GDI, a Canon kuma CAPT ko UFR II LT. HP LaserJet 1020 da kowa ya sani irin ta biyun ce, har ta kai duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta turo mata ɗan abin da za ta yi tunani da shi kafin ta buga komai.

Amfanin sanin wannan shi ne, irin ta biyun in babu direbanta na XP magana ta ƙare, babu wata dabara, duk wanda yace maka zai yi mata wayo ɓata maka lokaci zai yi. Amma irin ta farkon, mai jin PCL 5 ko PostScript, ko da kamfanin bai taɓa rubuta mata direban XP ba sau da yawa tana yi da direban wata tsohuwar firinta da ke cikin XP ɗin tun asali. Na sha yin wannan a ofisoshi, in zaɓar wa firintar da aka ƙera bayan XP da shekaru direban HP LaserJet 4 ko LaserJet 4000 da ke cikin jerin Windows ɗin kansa, ta fitar da takarda tas, saboda yaren ɗaya ne bai canza ba. Abin da kake rasawa shi ne ƙarin fasahar da ke jikinta, kamar buga gaba da baya da kanta ko nuna maka sauran tona, wato garin tawadarta, nawa, kuma in mai sikana ce to sikanar ba za ta yi ta wannan hanyar ba, ita sai da nata direban. Amma baƙi da fari a kan A4 zai fita.

Kai kuma da kake aiki da PageMaker akwai ƙarin dalilin da ya sa nake tura ka wajen mai PostScript. PageMaker da PostScript tare suka taso, daga baya ma suka zama gida ɗaya, wato Adobe. In ka saka hoton EPS, wato fayil ɗin zane da aka ajiye da yaren PostScript, a cikin aiki ka tura wa firintar da ba ta jin PostScript, wannan dishi-dishin hoton na gwaji da kake gani a fuskar kwamfuta shi za ta buga maka, tambarin makaranta ko na ƙungiya ya fito da kaushi kamar an yi fotokofi sau goma. Haka raba kala, da juya rubutu ya koma kamar a madubi in za ka buga a kan takardar tiresin don a kai wajen masu filet, wato farantin da injin maɗaba'a ke bugawa da shi, duk waɗannan sun fi zama daidai da firinta mai PostScript da fayil ɗinta na PPD, wanda ke faɗa wa kwamfuta abin da firintar take iya yi. In kana irin wannan aikin ko kana sa ran fara shi, kar ka sassauta a kan wannan sharaɗin.

Waɗanda zan ce ka nema

Tunda kati kake bugawa, ta farko a wajena HP LaserJet P2055 ce, musamman P2055dn. Tana jin PCL da PostScript, tana da direban XP nata na kanta, tana da USB da kafar wayar netwok, tana buga gaba da baya. Katirij ɗinta 05A ne mai yin kamar shafi 2,300, akwai babbansa 05X mai kaiwa 6,500, kuma masu cika tona sun san shi sarai. Abin da ya fi burge ni da ita ga mai irin sana'arka shi ne ƙofar baya, in ka buɗe ta ka saka kati ta tiren gaba sai ya wuce kusan miƙe ya fita ta baya, ba sai ya naɗe ya hau sama ba, kati mai kauri ba ya lanƙwashewa kuma ba ya yawan maƙalewa. Amma ka lura da kyau, akwai ƙanwarta P2035, kamarsu ɗaya, ita ma 05A take ci, tana yi da XP ita ma lafiya lau, sai dai ba ta jin PostScript. Ka karanta lambar da idonka, kar ka tsaya ga an ce maka ai duk ɗaya ne.

Bayanta sai LaserJet 1320, ta fi ta tsufa, 49A take ci, ita ma tana jin PCL da PostScript, tana da ƙofar baya, kuma wadda ba ta netwok ba tana da tsohuwar kafar nan mai faɗi ta parallel bayan USB. Kamar jaki take wajen aiki, matsalar kawai shekaru sun ja, samun wadda ba a gama cinye ta ba sai an tona. In kuma kana buga abin da ya fi A4, kamar kalanda ko fosta ko shafi biyu a haɗe, to gidan LaserJet 5000 da 5100 da 5200 su ne na A3 da maɗaba'u suka daɗe suna mora. Ka sani dai 5000 da 5100 ba su zo da USB ba, ta parallel ake jona su ko ta katin netwok, don haka ka leƙa bayan kwamfutarka ka ga ko akwai kafa mai ramuka 25. Tsofaffin kwamfutocin tebur na zamanin XP yawanci suna da ita. 5200 ita tana da USB.

In aljihu bai kai nan ba kuma yawancin aikinka taifin ne na Word, wasiƙu da takardun makaranta, to LaserJet 1020 ko 1018, ko P1102, ko Canon LBP2900 duk suna da direban XP na gaskiya kuma suna yi. 1020 da 1018 suna cin 12A mai shafi kamar 2,000, ita LBP2900 katirij ɗinta da 12A suna shiga wa juna, P1102 kuma 85A mai kamar 1,600. Babu garin da za ka je a rasa mai cika waɗannan. Amma ka tuna dukkansu irin ta biyun nan ne, rayuwarsu a hannun direba take, ranar da aka yi maka fomatin ba ka da kwafinsa ka shiga wahala, kuma ba a yi su don kati mai kauri ba.

Maganar kala kuma, in dole sai sabuwa kake so, Epson masu tankin tawada sun daɗe suna rubuta XP a jerin abin da suke karɓa, irin su L360 da L380 har zuwa L3110. Ga masu fitowa yanzu ka sa a buɗe maka takardar bayaninta ka ga kalmar XP da idonka kafin a yanke lissafi. Ni dai ba na ba mai shagon buga takardu shawarar ya dogara da mai tawada ita kaɗai, in ta kwana biyu ba a buga ba a zafin nan namu kan da ke fesa tawadar ya bushe, sai wanki, wankin kuma tawada yake sha, sannan tawadar ba ta zama a kan kowane irin kati mai sheƙi. Ta zama ta biyu, lesa, wato mai tona irin su LaserJet, ta zama uwar ɗaki. Masu buga rasit mai kwafi biyu ko uku kuma ba su da damuwa, Epson LX-350 da LQ-350 masu ribon suna da USB da parallel da siriyal duka, kuma yarensu ESC/P tsoho ne da XP ya sani.

In ka shiga kasuwa

Kusan duk waɗanda na lissafa na hannu za ka samu, ko a Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko wajen masu gyara na garinku. Abu na farko da za ka yi kafin ma a kunna, ka juya bayanta ka karanta takardar da aka manna. In ka ga 220-240V to tamu ce. In ka ga 110-127V ta Amurka ce, kuma firintar lesa ba kamar cajar laftof ba ce da ke karɓar kowace wuta, iri ɗaya take ci. An taɓa kawo min wata da wani bawan Allah ya sayo a hannun wani mai shago, bai ko buga shafi ɗaya ba, yana jonawa a bango sai ƙara da hayaƙi, allon wutar ya ƙone, ya koma aka ce shi ya ƙona. Abin ya dame ni sosai don bashi ya ci ya saya, kuma duba na minti ɗaya da ya hana. In an ce maka an juya ta zuwa 220, ka tambaya me aka canza, domin ba allon wuta kaɗai ba ne, fiyuza ma, wato wurin da ke gasa tona a jikin takarda, kowace wuta da irin nata. In da hali ka bar ta ka nemi wadda aka ƙera da 220 tun asali.

Na biyu, kuma wannan shi ne shawarar da ta fi duk sauran, ka ɗauki kan kwamfutarka, wato akwatin injinta, ka sa a Keke Napep ka tafi da ita shagon. Na san da nauyi, na san za a kalle ka, amma gani ya kori ji. Su za su gwada maka a laftof ɗinsu mai Windows 10 ta buga lafiya, wannan bai nuna komai a kan XP ɗinka ba, abin da ya faru da kai a karon farko kenan. A jona a taka, a saka direban a gabanka, ka buɗe aikinka na PageMaker mai font ɗin Hausa da Larabci ka buga, ka zo da irin katin da kake amfani da shi guda biyar ka saka. Ka buga shafi ashirin a jere kana saurare, in tana ƙara kamar ana niƙa to giya ta cinye, in tana jan takarda biyu-biyu ko tana kasa ɗauka rola ce, wannan mai sauƙin canzawa ne, ka sa a rage maka kuɗi. Ka murza rubutun da yatsa da zarar ya fito, in tona tana gogewa fiyuza ta gaji, wannan kuma gyara ne mai tsada. Ka sa a buga maka shafin bayaninta da ke nuna adadin takardun da ta taɓa bugawa, a 1320 danne maɓallin Go ake yi na daƙiƙa biyar, a P2055 kuma cikin Reports yake. Lambar tana taimakawa amma kar ka rantse da ita, in an canza allon ciki lambar ma ta canza, idonka da kunnenka sun fi ta gaskiya.

Kar ka bar shagon sai an kwafa maka direban a filashi, kuma a rubuta a rasit cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita cikin kwana kaza.

Saka direban

Da XP ɗinka ba za ka iya sauke direba daga intanet cikin sauƙi ba, Internet Explorer 8 ba ya buɗe yawancin shafukan yanzu, Chrome ya tsaya a 49, Firefox a 52. Ka sauke a wata kwamfutar daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, sai dai shafin zai zaɓar maka Windows ɗin kwamfutar da kake kai, dole ka canza da hannu ka zaɓi Windows XP 32-bit. Ka guji shafukan nan masu babban koren maɓalli da ke cewa za su nemo maka duk direbobinka, tarkace da bairos suke zubawa. Kamfanoni kuma suna cire direbobin tsofaffin kaya daga shafinsu lokaci-lokaci, don haka in ka samu wanda ya yi ka ajiye shi wuri uku, a filashi, a faifai, ka kuma tura wa kanka a imel.

Ka fara saka direban kafin ka jona wayar USB, sai ya ce ka jona sannan ka jona. In XP ya fito da gargaɗin cewa direban bai ci jarrabawar Windows Logo ba, ka danna Continue Anyway matuƙar daga kamfanin ka samo shi. In shi setup ɗin ya ƙi tafiya, ka warware fayil ɗin da manhajar 7-Zip cikin folda, ka je Printers and Faxes, Add a printer, ka zaɓi Local printer, ka cire alamar da ke cewa ya nemo da kansa, a wajen zaɓen kafa ka ɗauki USB001, sai Have Disk, ka nuna masa fayil mai ƙarewa da .inf a cikin foldar. Wannan hanyar ita ce dai ta dabarar da na faɗa a sama, bambancin kawai maimakon Have Disk sai ka zaɓi HP a hagu, LaserJet 4000 Series a dama, mai PCL ko mai PS gwargwadon abin da firintar ke ji. USB001 ba ya fitowa sai firintar tana jone kuma a kunne. In ka tura aiki ta fara amayar da takardu masu alamomi barkatai a saman shafi, yaren ne bai dace ba, kashe ta nan take ka canza direba kafin ta cinye maka rim.

In kuma tsohon aiki ya maƙale a layi ya hana komai wucewa, wanda XP ya saba yi, ka buɗe Run a cikin Start ka rubuta net stop spooler, ka goge abin da ke cikin C:\WINDOWS\system32\spool\PRINTERS, sannan net start spooler. Kuma tunda an riga an yi yunƙurin saka waccan sabuwar, ka cire duk ragowarta a Add or Remove Programs kafin ka fara.

Mai kafar netwok irin P2055dn tana da wata hanyar da na fi so ma a kan USB, ka ba ta lambar IP tsayayya, wato adireshinta a netwok, a wajen zaɓen kafa ka ce Create a new port, Standard TCP/IP Port, ka rubuta lambar. Ta kafa 9100 ake tura mata aiki kai tsaye, ba ruwanta da wane Windows ne ya turo, gobe in ka sayi laftof sabuwa su biyun za su yi amfani da ita a lokaci ɗaya. Abin da ba na so ka shiga shi ne jona firinta a kwamfuta mai Windows 10 ko 11 a ce XP ya ara ta netwok. XP da tsohon tsarin SMB1 yake magana, wanda ta nan bairos ɗin WannaCry ya bi ya yi ɓarna a duniya a watan Mayu 2017, sababbin Windows sun daina zuwa da shi a kunne, sannan gyare-gyaren tsaro na 2021 sun ƙara toshe wannan aron. Ana iya tilasta shi ya yi, amma sai an buɗe ƙofofin da aka rufe da dalili, kuma sabuntawa ɗaya sai ya sake tsayawa.

Kafin ka samu, da kuma iyakar abin

Yau ɗin nan ma ba sai aikinka ya tsaya ba. CorelDraw 11 yana da Publish to PDF a cikin File, PageMaker 7 ma yana fitar da PDF ta Distiller ɗin da ya zo da shi. Ka mayar da aikin PDF ka kai duk inda ake da firinta a buga maka. Ka tabbata font ɗin sun shiga cikin PDF ɗin, a Corel kuma ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane, a kan kwafi fa ba asalin aikin ba, don in ya koma zane ba ya gyaruwa. Wannan yana da muhimmanci ga masu tsofaffin font na Hausa irin su Rabi'at, in ka kai fayil ɗin haka nan kwamfutar da ba ta da font ɗin, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke wata alama ce daban za ta fito, a katin ɗaurin aure kuwa sunan mutum ya lalace ba ƙaramin abu ba ne. Filashin da ke yawo tsakanin shaguna kuma shi ne babbar hanyar da bairos ke shigar XP, ka ware guda ɗaya don wannan aikin, ka riƙa duba shi a kwamfuta mai rigakafi na zamani kafin ya dawo taka. Kwamfutar kanta ka raba ta da intanet gaba ɗaya.

Wajen wuta, kar ka jona lesa a ƙaramin UPS ɗin kwamfuta, lokacin da fiyuza ke ɗaukar zafi tana jan wuta da yawa, za ta kashe UPS ɗin ta kashe kwamfutar tare. A sitabilaiza mai ƙarfi za ka sa ta ita kaɗai. Ƙaramin janareta ma yana nishi in ta tashi. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle in an tashi, ƙura ce ke sa rola santsi, tsumma mai ɗan danshi yana gyara ta.

Mai karatu da yake kan Windows 7, wanda shi ma aka janye masa tallafi ranar 14 ga Janairu 2020, duk bayanin nan ya shafe ka sai dai zaɓinka ya fi yawa. In direba ya ƙi shiga yana ƙorafin sa hannu, ka tabbata kana da Service Pack 1 da sabuntawar KB4474419.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba Malam ita ce, firinta za mu samu, amma abin da ya fi ba ni tsoro a shagonka hadis ɗin kwamfutar ne, wato hard disk, ma'ajiyar da duk aikinka yake ciki. Injin da ya kai shekarun XP yana juyawa kullum zai iya tsayawa ba sallama, kuma daga nan inda nake ba zan iya jin ƙararsa in ce maka saura nawa ba, sai an duba. Ranar da za ka kai ta gwajin firinta ka yi jifan tsuntsu biyu, ka sa mai gyara ya kwafe hadis ɗin gaba ɗayansa zuwa wani, irin kwafin da za a iya ɗorawa ya tashi da Windows da PageMaker da komai, sannan ka kwafi foldar C:\WINDOWS\Fonts daban a filashi. Da wannan kwafin, duk ranar da Allah ya hore ka sayi sabuwa, ana iya zaunar da XP ɗin naka a cikinta ta manhajar VirtualBox ya ci gaba da aiki kamar taga ɗaya, kodayake yakan buƙaci ɗan gyare-gyare kafin ya tashi.

In ka je kasuwar ka ga wata da ban ambata ba, ka ɗauki hoton takardar bayanta inda lamba da wuta suke, da hoton kafofinta, ka turo min tare da abin da ka gani a Properties ɗin nan, in duba maka kafin ka biya in sha Allah.